Makarantar St. Louis ta Kano: Tarihin Kafuwarta da Bunƙasarta

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da ake maganar tarihin ilmin zamani a Kano, akan fara ne da makarantar Ɗan Hausa ta Nassarawa, a gangaro kan Midil da Makarantar Koyon Larabci, a ƙare da Jami'ar Bayero. Ba safai akan tsaya a kan makarantun mishan ba, wataƙila domin ana ganinsu tamkar abin baƙi ne da bai shafi 'yan gari ba. Amma kuwa ɗaya daga cikinsu, watau makarantar 'yan mata ta St. Louis da ke Bompai, ta haura shekara 75 a ƙasar Kano, kuma 'ya'yan Musulmi da na Kirista sun yi ta zama a azuzuwanta tare. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda makarantar ɗariƙar Katolika ta samu gindin zama a birnin da aka taɓa hana mishan kwana a cikinsa, da dalilan da suka sa ta ɗore, da kuma abin da tarihinta yake nunawa game da ilmin mata da zaman tare.

2.0 Mishan da Ƙasar Kano Kafin 1948

Hulɗar Katolika da ƙasar Hausa ta girmi zuwan Turawan mulki nesa ba kusa ba. Tun a farkon ƙarni na 18 wasu limaman Kirista biyu 'yan ƙungiyar Faransiskan suka taso daga Tarabulus, suka ratsa hamada ta Agadas, suka iso Katsina, inda suka rasu a 1711 ba tare da sun bar wani tasiri ba. Daga nan sai aka yi shiru na tsawon lokaci. Ƙungiyar da daga baya ta ɗauki nauyin aikin, watau SMA, an kafa ta ne a birnin Liyon na Faransa a 1856, kuma sai a 1907 limamanta suka kafa tasharsu ta farko a arewacin kogin Binuwai, a garin Shendam.

Kano kuwa ta riga ta nuna matsayinta. A 1900 Bishof Tugwell na mishan ɗin Ingila, watau CMS, ya iso birnin tare da Likita Mila da abokan tafiyarsu. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, ya umurce su da su fita, suka koma Girku a ƙasar Zazzau. Bayan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin jama'a ba. Wannan alkawari ne razdan-razdan suka riƙe hujja, suka yi shekaru suna tare wa mishan hanyar shiga garuruwan Musulmi. Ba tausayin addini kaɗai ya sa su yin haka ba. Mulkinsu ya dogara ne a kan sarakuna da En'e, saboda haka duk abin da zai ɓata wa sarki rai, ko ya haifar da 'yan boko masu jin Turanci da yawan ƙorafi irin na Ikko, abin gudu ne a wurinsu.

Abin da ya buɗe ƙofar da doka ta rufe shi ne jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya kankama, aka keɓe Sabon Gari a 1913 domin baƙin da suka zo aikin reluwe da kamfanoni da ofisoshin gwamnati. Yawancinsu daga Kudu suke, wasu daga Saliyo da ƙasar da ake kira Gana a yau, kuma da damansu Kiristoci ne. Ba a iya hana su majami'a ba, ba a kuma iya hana su makarantar da za ta koyar da 'ya'yansu. Ta haka ne limaman SMA suka samu wurin zama a Kano, ba a matsayin masu wa'azi ga 'yan birni ba, a'a, a matsayin masu kula da mabiyansu da ke bayan ganuwa. Da aka raba yankin Katolika na Arewa gida biyu a 1934, watau Jos da Kaduna, sai Kano ta faɗa ƙarƙashin Kaduna.

A nan ya kamata a lura da wani bambanci da ya yi tasiri ƙwarai daga baya. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa a 1909 da Hausa take koyarwa a matakin farko, kuma an tsara ta ne domin samar wa En'e malamai da 'ya'yan sarakuna masu iya karatu da lissafi. Makarantun Sabon Gari kuwa Turanci suka sa a gaba, domin shi ne mabuɗin aikin akawu a reluwe da gidan waya da kantunan Turawa. Saboda haka tun kafin yaƙin duniya na biyu aka samu tsarin boko iri biyu a gari ɗaya: na cikin gida mai taka-tsantsan, da na baƙi mai gaggawar kai yaro ga takardar shaida.

Ta fuskar 'ya'ya mata, giɓin ya fi haka faɗi. Sai a 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero da Sarki Muhammadu Dikko, kuma abin da aka fi mai da hankali a kai shi ne tsabta da raino da ɗinki da ɗan karatu da rubutu. Yarinyar da ke son wuce wannan mataki ba ta da inda za ta nufa a kusa.

3.0 Zuwan Sistocin St. Louis

Ƙungiyar Sistocin St. Louis ta samo asali ne daga Faransa. Wani limami masanin falsafa mai suna Louis Bautain ne ya kafa ta a garin Juilly a 1842, kuma tun farko koyarwa ce sana'arta. An sa mata sunan Sarkin Faransa Luwis na Tara, wanda Katolika ke ɗauka waliyyi. A 1859 reshenta ya isa garin Monaghan a ƙasar Ailan, ya yi ƙarfi har ya fi uwar ƙungiyar yawan jama'a. Daga wannan reshe ne aka tura sistoci zuwa Gana a 1947, aka turo wasu Nijeriya a 1948. Abin lura shi ne ba Ikko ko Anacha suka fara sauka ba, inda Katolika ke da ɗimbin mabiya. Kano ce masaukinsu na farko a Nijeriya, a lokacin da John McCarthy na SMA yake shugabancin yankin Kaduna.

Me ya sa sai a 1948? Dalilai uku ne suka haɗu. Na farko, manufar cocin kanta ta sauya. Tun a ƙarshen shekarun 1920 wakilin Paparoma a ƙasashen Afirka da ke hannun Ingila, Arthur Hinsley, ya shawarci 'yan mishan da su fifita gina makaranta a kan gina majami'a idan kuɗi bai isa duka biyun ba. Na biyu, bayan yaƙin duniya gwamnatin Ingila ta ware kuɗin raya ƙasashen da take mulka, aka fito da shirin shekara goma na Nijeriya a 1946, sa'an nan Dokar Ilmi ta 1948, wadda ita ce ta farko da ta game ƙasar baki ɗaya, ta tsara yadda za a riƙa ba makarantun ƙungiyoyi tallafi bisa ga ingancinsu. Makarantar da ke da ƙwararrun malamai ita ce ke samun kaso mai tsoka, sistocin Ailan kuwa da takardunsu na koyarwa suka zo, ga shi ba su da iyalin da za su ci albashin. Abin da aka biya su yakan koma cikin aikin ne. Na uku, Sabon Gari ya cika ya batse, iyaye suna neman inda 'ya'yansu mata za su yi karatu ba sai an tura su Kudu ba.

Sistocin suka fara da ƙananan yara, aikin ya bunƙasa zuwa sakandaren 'yan mata ta kwana wadda ta zauna a Bompai. Zaɓen wurin ma yana da ma'ana. Bompai tana waje da ganuwa, kusa da unguwar Turawa da ma'aikatu, watau ba a cikin birni ba, ba kuma a tsakiyar Sabon Gari ba. Makarantar ta samu kanta a wani fili da kowane ɓangare zai iya takowa ba tare da ya ji ya shiga gidan wani ba. Har yau titin da ke wurin sunan St. Louis yake amsawa.

Ba ita kaɗai ba ce a wannan zamani. A Kaduna sistocin wata ƙungiyar sun riga sun buɗe kwalejin Queen of Apostles a Kakuri, limaman SMA kuma suka buɗe kwalejin St. John ta maza a 1949, sa'an nan suka kafa sakandaren St. Thomas ta maza a Kano. Su kansu Sistocin St. Louis daga Kano suka bazu zuwa Jos da Zonkwa da Ondo da Akure da Badun, suna buɗe makarantu da asibitoci.

4.0 Daga Makarantar Baƙi Zuwa ta Kowa

Tsoron da Bahaushe ya yi wa makarantar mishan ba na banza ba ne, kuma bai kamata mai nazari ya kira shi jahilci ba. Kalmar boko kanta, kamar yadda masanin harshe Paul Newman ya nuna a 2013, ba daga Turanci aka aro ta ba; tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaskiya ba, irin amaryar boko. Idan haka jama'a suka kalli makarantar gwamnati, wadda sarki ya sa wa albarka, ina ga wadda gicciye ke rataye a bangonta? An kuma ga abin da ya faru a wasu wurare. A Zariya aikin Likita Mila ya fitar da iyalan Hausa-Fulani Kiristoci waɗanda suka koma Wusasa, kuma daga shekarun 1930 aka bar mishan ya riƙa kula da kutare a Yadakunya, ya kuma shiga cikin Maguzawa. Uba mai 'ya mace yana da hujjar tuna karin maganar nan ta zama da maɗaukin kanwa.

To, me ya sassauta wannan tsoro? Abu na farko shi ne bukata. Daga 1954, lokacin da Sardaunan Sakkwato ya zama Firimiya, gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauki manufar cike guraben aiki da 'yan Arewa. Ana bukatar malamai mata da nas-nas da unguwarzoma da ma'aikatan ofis, ga shi makarantun gwamnati na mata ba su taka kara sun karya ba. Manyan ma'aikata da attajirai da wasu daga gidajen sarauta suka fahimci cewa 'ya'yansu maza da suka yi boko za su nemi matan da suka yi boko, kuma asibitin da babu mace a cikinsa matan kulle ba za su je ba. Da yawa daga cikinsu suka kai 'ya'yansu makarantun Katolika da idonsu a buɗe. Alal misali, Sanusi Lamiɗo Sanusi, jikan Sarki Muhammadu Sanusi, a makarantar St. Anne ta Kakuri ya yi firamare.

Abu na biyu shi ne doka. Tsarin mulkin 1960 ya tanadi cewa ba za a tilasta wa ɗalibi karatun wani addini ko halartar ibadar da ba tasa ba, kuma wannan tanadi yana nan a sashe na 38 na tsarin mulkin 1999. Makarantar da ke karɓar tallafin gwamnati sufetoci na zagaya ta, manhajarta ta gwamnati ce, jarrabawarta kuma ta hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma ce, wadda aka kafa a 1952.

Abu na uku shi ne sauyin da ya zo daga Rum. Babban taron Fadar Paparoma na biyu, wanda aka kammala a 1965, ya fitar da sanarwar da ta yi magana a kan Musulmi da girmamawa, ta yi kira da a manta da gabar da ta wuce. Ga sistar da ke koyarwa a Kano, wannan ya halatta abin da zama da jama'a ya riga ya koya mata, watau cewa makarantar za ta rayu ne idan iyaye sun amince za a mayar musu da 'yarsu da addinin da ta zo da shi.

Akwai kuma abin da ya dace da ɗabi'ar gida. Makarantar mata zalla ce, mata ne ke riƙe da ita, an kewaye ta, ba a shiga sai da izini, ga lokacin kwanciya da na tashi da na karatu duk a ƙayyade. Uban da ke gudun cuɗanyar 'yarsa da samari ya ga wani abu da ya yi kama da tsaron da ya sani. Ke nan tarbiyyar zuhudu ta Turai da kunyar Bahaushe sun haɗu a wuri ɗaya, ko da yake tushensu daban ne.

Amma ribar ba ta zo ba tare da hasara ba. Kamar sauran makarantun kwana na wancan zamani, Turanci ne harshen aji da na ɗakin kwana, kuma yarinyar da ta shekara biyar a irin wannan wuri takan fito da Turanci mai kyau, amma rubutun Hausarta da karatun littattafan addininta sai abin da gida ya cike mata lokacin hutu. Daɗin daɗawa, kuɗin makaranta ya sa 'yar talakan ƙauye ba ta cika samun shiga ba.

5.0 Yaƙi da Karɓe Makarantu

Rikicin 1953 ya nuna cewa zaman Sabon Gari da birni yana da rauni, amma kashe-kashen 1966 ne suka girgiza makarantun mishan na Kano daga tushe. Dubban mutanen Gabas suka bar garin, waɗanda su ne ƙashin bayan cocin Katolika a wurin, suka tafi da 'ya'yansu da malamansu. Aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 a ƙarƙashin Audu Baƙo, yaƙin basasa ya ɓarke a wannan shekara, bai ƙare ba sai a Janairun 1970.

Yaƙin ya ɓata sunan 'yan mishan na Ailan a idon gwamnatin tarayya, saboda rawar da wasunsu suka taka wajen kai agaji da yayata labarin Biyafara, har aka kori da dama daga Gabas. A 1970 gwamnatin Ukpabi Asika ta Jihar Gabas ta Tsakiya ta karɓe dukkan makarantun ƙungiyoyi, wasu jihohi suka bi sahu. A Jihar Arewa ta Tsakiya, a farkon shekarun 1970, St. John ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta koma Kwalejin Sarauniya Amina, St. Paul ta Angalika da ke Zariya ta koma Kwalejin Kufena. Hujjar masu wannan mataki ita ce ilmi haƙƙin gwamnati ne, kuma ba daidai ba ne a bar tarbiyyar 'yan ƙasa a hannun ɗariƙu masu gasa da juna. Masu suka kuwa suka ce an karɓi gini ne aka bar ruhinsa a waje. Da shirin ilmin firamare kyauta ya zo a 1976, ɗalibai suka ninka, malamai da kujeru ba su ninka ba, sai maganar masu suka ta ƙara samun masu saurare.

St. Louis ta Kano ta fita daga wannan zamani da sunanta, kuma har yau tana hannun ƙungiyar da ta kafa ta. Sai dai hannun ya sauya launi. Sannu a hankali sistoci 'yan Nijeriya suka gaji na Ailan a shugabanci da koyarwa, kamar yadda Peter Jatau ya gaji McCarthy a kujerar Akbishof na Kaduna a 1975. Kano ma ta samu cin gashin kanta a tsarin cocin: aka ware ta daga Kaduna a 1991, ta zama cikakkiyar dayosis a 1999 a ƙarƙashin Bishof Patrick Sheehan, wanda John Namaza Niyiring ya gada a 2008.

6.0 Sabon Birni, Sababbin Abokan Gasa

Kanon da sistoci suka tarar a 1948 gari ne mai sassa bayyanannu: birni, Fagge, Sabon Gari, Nassarawa. Kanon yau ta ɓalle ta kowace kusurwa. Ta kudu, a kan hanyar Zariya, wuraren da dā gonaki ne da ƙauyuka, irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Unguwar Gano da Unguwa Uku, sun zama unguwannin ma'aikata da 'yan kasuwa, musamman bayan kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988. A waɗannan unguwanni ne ake ganin amsar da al'ummar Musulmi ta bayar ga tambayar da makarantar mishan ta yi mata. Kusan kowane layi akwai makaranta mai zaman kanta, da yawansu suna haɗa boko da Islamiyya da haddar Alƙur'ani. Tunanin ba sabo ba ne, domin tun a shekarun 1950 Malam Aminu Kano da abokansa suke kiran a zamanantar da karatun addini ta hanyar aji da allon bango da manhaja. Amma wanda ya dubi tufafin makaranta da taron safe da katin sakamako da ƙungiyar iyaye da malamai, zai ga cewa ƙirar da mishan ya zo da ita ce aka zuba wa wani abin daban. Ita ma gwamnati ta shiga fagen, ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, daga baya ta buɗe wa mata nasu.

Saboda haka St. Louis ta daina zama ƙofa ɗaya tilo, ta koma ɗaya daga cikin ƙofofi masu yawa. Uban da ke Tarauni wanda ya kai 'yarsa Bompai a yau ba don rashin wata makaranta ya yi ba, zaɓi ya yi.

Wannan zaɓi kuwa ya sha gwaji. An yi rikicin Maitatsine a Disambar 1980, da na Fagge a 1982, da na zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke a 1991, sa'an nan aka ƙaddamar da shari'a a 2000 cikin zullumin waɗanda ba Musulmi ba. Ranar 20 ga Janairun 2012 'yan Boko Haram suka kai hare-hare a Kano, har da hedkwatar 'yan sanda da ke Bompai, aka rasa rayuka fiye da 150. A Yulin 2014 aka jefa bam a cocin St. Charles ta Katolika a Sabon Gari. A Nuwambar 2025 kuma aka sace ɗalibai da malamai fiye da 200 daga makarantar St. Mary ta Katolika a Papiri cikin Jihar Neja, abin da ya tuna wa kowa cewa makarantar kwana, ta gwamnati ko ta mishan, ta zama abin farauta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya sa iyaye su kwashe 'ya'yansu, ko ya sa masu makaranta su naɗe tabarmarsu. Ba a yi hakan ba a Bompai.

7.0 Kammalawa

An ga yadda dokar mulkin mallaka ta tsare mishan a bayan ganuwa, yadda jirgin ƙasa da Sabon Gari suka ba shi wurin tsayawa, da yadda tallafin gwamnati da bukatar ma'aikata mata suka mai da makarantar baƙi ta zama ta kowa. Idan aka auna St. Louis da ma'aunin waɗanda suka fara tura mishan ƙasar Hausa, watau juyar da Musulmi, to ba ta cim ma wannan buri ba, kuma da ta nace a kansa da ba ta kai yau ba. Idan kuwa aka auna ta da ma'aunin ilmin mata, to tana cikin waɗanda suka riga kowa nuna cewa 'yar Kano za ta iya zama likita ko lauya ko malamar jami'a ba tare da ta bar gidansu ta fuskar addini da ɗabi'a ba.

Abin da ya riƙe makarantar shi ne wata yarjejeniya da ba a rubuta ba tsakanin sistoci da iyaye: su ba da ilmi da tarbiyya, su kuma bar wa gida abin da yake na gida. Irin wannan amana ba doka ce ke ƙulla ta ba, kuma kowane zamani sai ya sabunta ta. Ya rage ga masu nazarin tarihi da al'ada su tattara rajistocin makarantar da bayanan tsofaffin ɗalibanta tun suna raye, domin a bakinsu ne za a ji yadda 'yar birni da 'yar Sabon Gari suka kwana ɗaki ɗaya a shekarun da iyayensu ke kallon juna da zargi.